DALLA-DALLA: Kwamfuta na aiki amma wa'adin manhajarta ya ƙare: Abin da sabunta Linux ke nufi ga Makarfi, Kudan da Ikara

A cikin shekarar 2025 wa'adi biyu sun cika waɗanda suka shafi miliyoyin kwamfutoci a duniya. A ƙarshen watan Mayu, kamfanin Canonical ya daina bai wa Ubuntu 20.04 kulawar da ya saba bayarwa ga kowa. A ranar 14 ga Oktoba kuma, Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10.

Babu kwamfutar da ta mutu a waɗannan ranaku. Mai shagon buga takardu a Makarfi, ko malamin makaranta a Hunkuyi, ko ma'aikacin lafiya a Ikara, duk wanda ya kunna na'urarsa washegari ya tarar da ita yadda ya bar ta. Wannan ne ma ya sa lamarin ke da haɗari. Na'urar tana aiki, amma daga ranar duk ɓarakar da masu kutse suka gano a jikinta babu mai toshe ta, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na musamman.

Ga mazaɓa irin Dandamisa a Ƙaramar Hukumar Makarfi, inda sayen sabuwar kwamfuta ba ƙaramin abu ba ne, tambayar da ke gaban mutane ita ce: yaya za a yi tsohuwar na'ura ta ci gaba da aiki cikin aminci? Amsar ta fi karkata ga buɗaɗɗiyar manhaja, amma da sharaɗin a san yadda ake sabunta ta, a kuma san wanda nauyin sabuntawar ke wuyansa.

Mece ce babbar manhaja, kuma me ake nufi da buɗaɗɗiya?

Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da babbar manhaja guda wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta. Ita ce ke haɗa allon rubutu da fuskar na'ura, ita ke adana fayil, ita ke buɗe wa na'ura hanyar intanet. Windows ɗaya ce daga cikinsu. Lambobin da aka rubuta ta da su mallakar Microsoft ne, ba a bai wa kowa damar gyara su ko rarraba su ba.

Linux ta bi wata hanya dabam. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya sanar a 1983. Lasisinta ya bai wa kowa izinin karanta lambobinta, ya gyara, ya kwafa, ya raba wa wasu. Daga wannan tushe ne aka samu nau'o'i masu yawa, irin su Debian, Fedora, Linux Mint da Ubuntu. Ubuntu, wadda attajirin nan ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a watan Oktoban 2004, ta samo sunanta daga kalmar Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka.

Mutanen Dandamisa sun daɗe suna amfani da irin wannan manhaja ko da ba su san sunanta ba. Android da ke cikin wayoyin Tecno, Itel da Infinix an gina ta ne a kan zuciyar Linux. Haka nan rahoton wata-wata na cibiyoyin lafiya matakin farko, wanda ke tasowa daga mazaɓu 255 na Jihar Kaduna, yana shiga rumbun DHIS2 ne, wata buɗaɗɗiyar manhaja da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, kuma masu ita suna ba da shawarar a ɗora ta a kan Ubuntu. Ke nan adadin yaran da aka yi wa rigakafi a wata ruga ta Makarfi yana bi ta cikin wannan duniya kafin ya isa Abuja.

Bambancin faci da sabon zubi

Akwai sabuntawa iri biyu, kuma mutane kan haɗa su wuri guda. Ta farko ita ce faci: ƙananan gyare-gyaren da ke zuwa kusan kowane mako domin toshe ɓarakar da aka gano. Ta biyu ita ce ƙaura daga tsohon zubi zuwa sabo, inda ake musanya dubban sassan manhajar a zama ɗaya. Mai soron ƙasa ya san bambancin yaɓen da ake yi kafin damina da kwance rufin gaba ɗaya a sake azara. Na farko aikin yini ne, na biyu sai an fitar da kaya daga ɗaki.

Lambar Ubuntu tana faɗin shekara da watan fitowarta: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Duk bayan wata shida ana fitar da sabon zubi, amma waɗannan wata tara kawai ake kula da su. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ana fitar da zubi mai dogon wa'adi da ake kira LTS, wanda ke samun faci kyauta na shekara biyar. Saboda haka wa'adin 22.04 zai cika a 2027, shekarar babban zaɓe, na 24.04 kuma a 2029. Akwai shirin Ubuntu Pro da ke tsawaita wa'adin zuwa shekara goma, kuma mutum zai iya samun sa kyauta a kan na'urorinsa na kansa har guda biyar.

Abin da ke biyo bayan sakaci da faci duniya ta gan shi a ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila an soke ganin likita kimanin 19,000 a asibitocin gwamnati. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, amma na'urori da yawa ba a ɗora musu ba. Darasin bai tsaya a kan Windows ba. Linux ɗin da wa'adinta ya ƙare tana cikin haɗari iri ɗaya.

Yadda ake ƙaurar

Ƙaura daga zubi zuwa zubi tana da ƙa'idoji waɗanda masana suka yi ittifaƙi a kansu.

Da farko a kwashe kwafin duk wani abu mai muhimmanci zuwa wani wuri dabam: filas, ko faifan ajiya na waje. Sakamakon jarrabawar ɗalibai, lissafin bashin 'yan kasuwar rake, hotunan biki, duk abin da rasa shi zai zama asara. Kwafin da ba a buɗe an gwada ba, ba a tabbatar da shi ba tukuna.

Na biyu, a kammala ɗora duk facin tsohon zubin, a kashe na'urar a sake kunnawa. Manhajar da ke jagorantar ƙaura ba ta yarda ta fara aiki idan akwai facin da ke jira.

Na uku, ba a tsallake. Mai Ubuntu 20.04 ba zai faɗa 24.04 kai-tsaye ba, sai ya yada zango a 22.04, ya tabbatar komai na aiki, sannan ya sake ɗaura niyya. Wanda ya yi sakaci na shekara shida, aikinsa ya zama biyu, kuɗin datarsa ma haka.

Na huɗu, a gwada kafin a shiga. Ana iya ɗora sabon zubin a kan filas a tayar da kwamfuta da shi ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. A nan ne ake duba ko injin buga takarda yana amsawa, ko sauti na fita, ko na'urar na kama intanet. Ga masu rubutu da Hausa akwai ƙarin abin dubawa: Linux tana zuwa da tsarin allon rubutu na Hausa mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma yana da kyau a tabbatar yana nan yadda aka saita shi.

Na biyar, a fara ƙaurar ta manhajar sabuntawa ko ta umarnin do-release-upgrade, a kuma zauna kusa. Tana kashe hanyoyin saukar da manhajojin da aka ƙaro daga waje, sai an gama a mayar da su. Wani lokaci tana tsayawa ta tambaya ko a bar tsohon saiti ko a maye gurbinsa da sabo. Mafi munin abin da zai faru shi ne wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, domin a lokacin rabin manhajar tsohuwa ce, rabi sabuwa, kuma na'urar na iya ƙin tashi.

Akwai hanya ta biyu: a goge komai a ɗora sabon zubi daga filas, sannan a dawo da fayilolin da aka kwashe. Ta fi tsafta, kuma ita ce kaɗai hanya ga wanda ke barin Windows 10 zuwa Linux.

Sauri ya haifi nawa

Sabo ba koyaushe yake nufin amintacce ba, kuma masu gina manhajar sun fi kowa sanin haka. Ubuntu 24.04 ta fito a ranar 25 ga Afrilun 2024, amma ba a buɗe wa masu 22.04 ƙofar ƙaura ba sai da aka fitar da gyararren zubi na farko, 24.04.1. An tsara fitar da shi a tsakiyar Agusta, aka ɗage zuwa 29 ga watan. Ko bayan haka, a farkon Satumba an dakatar da ƙaurar na 'yan kwanaki saboda wani kuskure da aka gano a cikin manhajar da ke jagorantar ta. Wanda ya yi haƙurin wata biyar ya tsira daga wahalar da masu gaggawa suka sha.

Kafin nan, a ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wani ƙaramin sashe da kusan kowace Linux ke amfani da shi. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. An kama abin ne tun yana cikin zubin gwaji, bai kai ga zubi masu dogon wa'adi ba, kuma Ubuntu ta jinkirta zubin gwajinta da mako guda domin ta sake gina sassanta. Lamarin ya nuna fuska biyu na buɗaɗɗiyar manhaja: mugu na iya shigowa, amma da yake lambobin a fili suke, mutum guda mai sa ido na iya tona asirinsa.

Nijeriya ma ta ga abin da sabuntawar da ba a kammala ba ke haifarwa. A ranar 14 ga Mayun 2025, Shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amince cewa an samu kuskure a jarrabawar shiga jami'a ta shekarar, wanda ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Bayanin da hukumar ta yi shi ne an ɗora wani gyara a kan wasu manyan na'urorin jarrabawar, wasu kuma ba a ɗora musu yadda ya kamata ba. Sai da aka sake wa ɗaliban jarrabawa. Ba Ubuntu ba ce a can, amma ƙa'idar ɗaya ce: sabuntawa aiki ne na tsari da bin diddigi, kuma idan aka yi shi rabi da rabi, talaka ne ke biyan kuɗin.

Kyauta, amma akwai abin biya

Ba a biyan ko kwabo na lasisin Linux. Sai dai a arewacin Kaduna akwai abubuwa uku da ba kyauta ba ne.

Na farko wuta. Ƙaura na iya cin sa'a guda ko fiye, gwargwadon ƙarfin na'ura da na intanet. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Kaduna, sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wutar lantarki. Ko a ranakun da ba a cikin irin wannan hali, mai kwamfutar tebur ba zai dogara da wutar gwamnati a irin wannan aiki ba. Dole ya tanadi janareta ko sola, mai kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ya tabbatar batirinsa na riƙe caji.

Na biyu data. Fayil ɗin ɗora Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait shida, kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. A nan ne lasisin buɗaɗɗiyar manhaja ke nuna amfaninsa. Mutum guda zai iya saukar da fayil ɗin a Zariya inda intanet ya fi ƙarfi, ya sa a filas, a ɗora wa kwamfutoci hamsin a Makarfi da Hunkuyi da Ikara, ba tare da an karya wata doka ba.

Na uku hannun da ya iya. Masu gyaran kwamfuta da yawa sun tashi ne a kan Windows. Kuma akwai gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba: CorelDRAW da Photoshop, waɗanda shagunan buga katin biki da fastar 'yan siyasa ke rayuwa a kansu, ba a yi su don Linux ba. Akwai madadinsu, irin su Inkscape da GIMP, kamar yadda LibreOffice ke tsayawa a matsayin Microsoft Office, amma sai an zauna an koya. Shagon da abincinsa ya dogara da waccan manhaja ya kamata ya auna kafin ya ƙaura.

Duk da haka lissafin na komawa ga shekarun na'urar. Windows 11 tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta zuriya ta takwas zuwa sama, wato galibi na'urorin da aka ƙera daga 2017 ko 2018. Kwamfutocin gwanjo da suka girmi haka ba su cika sharaɗin ba. Ƙarin wa'adin da Microsoft ya fara bai wa daidaikun mutane, wanda aka sa wa farashin dala 30, shekara guda ne kacal, zuwa Oktoban 2026. Ita kuwa Ubuntu 24.04 gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki da gigabait 25 na wurin ajiya ta nema, kuma akwai nau'o'i marasa nauyi kamar Lubuntu da Xubuntu ga na'urorin da suka fi rauni. Linux ma tana da iyaka: Ubuntu ta daɗe da daina fitar da zubi ga tsofaffin na'urori masu tsarin bit 32, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ita ma ta bi sahu.

Batun waya ya fi wuya. Lambobin Android a buɗe suke, amma kamfanin da ya ƙera wayar ne ke yanke hukuncin ko sabon zubi zai iso gare ta. Google da Samsung sun yi alƙawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu masu tsada, galibin ƙananan wayoyin da talaka ke saya kuwa ba sa samun ko kusa da haka. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5. Tarayyar Turai ta mayar da lamarin doka: daga 20 ga Yunin 2025, duk sabuwar wayar da za a sayar a can sai an ba ta sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurinta.

Darasin 2007

Nijeriya ta taɓa shiga tsakiyar wannan muhawara. A 2007 aka yi odar ƙananan kwamfutocin 'yan makaranta na Intel Classmate guda 17,000 ɗauke da Mandriva, wani nau'in Linux na kamfanin Faransa. A ƙarshen Oktoban shekarar shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, bayan an sanar da shi cewa za a goge Mandriva a ɗora Windows. Daga baya asusun USPF, wanda ke biyan kuɗin mafi yawan na'urorin, ya ce yana son a bar su da Linux ɗinsu.

Hayaniyar duk a kan ranar saye aka yi ta. Amma rayuwar na'ura tana farawa ne bayan an yanke kyallen buɗe taro. Kamfanin Mandriva ya rushe a 2015. Da yake lambobin a buɗe suke, masu sa-kai sun ci gaba da aikin ƙarƙashin sunayen Mageia da OpenMandriva, wato hanyar sabuntawa ba ta toshe ba. Sai dai hanya ba ta tafiya da kanta. Sai an samu wanda aka ɗora wa aikin, aka kuma ware masa kuɗi.

Wuraren da abin ya ɗore sun yi haka ne. Jihar Kerala ta Indiya ta ɗora makarantun gwamnatinta a kan Linux, ta kafa hukuma mai suna KITE wadda ke shirya zubin da makarantu ke amfani da shi, tana kuma horar da malamai. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta ƙaurar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa LibreOffice da Linux, mataki-mataki. Birnin Munich kuwa, wanda ya fara irin wannan ƙaura tun 2003, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017 bayan sauyin shugabanci. Manhaja ba ta tsira daga siyasa.

Tambayoyin da ya kamata matasa su yi

Duk lokacin da ɗan majalisa ya raba kwamfutoci a matsayin aikin mazaɓa, ko gwamnati ta buɗe ɗakin kwamfuta a makarantar sakandare, hoton da ke yawo a Facebook na ranar farko ne. Matasan Makarfi, Kudan da Ikara suna da damar neman bayanin abin da ke biyo baya. Jihar Kaduna ta shiga shirin gudanar da gwamnati a buɗe na OGP tun 2018. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi ma. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta wajabta wa duk wanda ke riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan tsare su, kuma da wuya a ce na'urar da ta daina samun faci ta cika wannan sharaɗi.

Tambayoyin ba su da sarƙaƙiya. Wace babbar manhaja ce a cikin na'urorin da aka saya, kuma wace shekara wa'adinta zai cika? Lasisinta na gaskiya ne ko na sata? Wane ma'aikaci ne aka ɗora wa ɗora faci, kuma an horar da shi? A ina ake ajiye kwafin bayanan marasa lafiya da na ɗalibai? Nawa aka ware a kasafin kuɗi domin kulawa, ban da kuɗin saye?

Ranakun cikar wa'adin Ubuntu da Debian a rubuce suke a fili, shekaru kafin su iso, kowa na iya dubawa. Shugaban makaranta a Dandamisa da ke da kwamfutoci masu ɗauke da 22.04 yana iya sanin tun yau cewa kafin tsakiyar 2027 yana buƙatar filas guda, yini guda na wuta marar yankewa, da mutum guda da ya san aikin. Idan ranar ta zo ta wuce ba a yi ba, ba za a ce ba a sani ba.